Kalamazu ko Lids: Taruka Biyu na Manazarta Tsohon Adabin Ingilishi

Taron birnin Kalamazu, wanda Jami'ar Yammacin Mishigan da ke Amurka ta faro a 1962, ana yin sa a watan Mayu, kuma da yawan mahalarta a ɗakunan kwanan ɗalibai suke sauka, inda shehun malami da ɗalibinsa kan bi layin abinci ɗaya, muhawara kuma ta ci gaba a kan tebur bayan an tashi daga zaure. Na Lids a Ingila, wanda aka soma a 1994, yakan zo a Yuli, kowace shekara da jigonta. A ganina, mai bibiyar tsofaffin rubuce-rubucen hannu ya fi cin riba a Lids, domin jirgin ƙasa zai kai shi Landan, inda tsohon kwafin hannu ɗaya tilo na Beowulf, wata tsohuwar waƙar Ingilishi, yake a ajiye.