Gargaɗi kan mai sayar da sifikun waifai da ya karɓe mini naira 285,000

Naira 285,000 ne jimillar abin da wani mai shago a kasuwar wayoyi a nan Kano ya karɓa daga hannuna a kan sifiku uku na waifai da kuma wani gyara da ashe kyauta ake yin sa a cikin saitin rauta, wato akwatin da ke raba intanet ta waifai a gida. Ban kama sunansa a nan ba saboda maganar tana gaban shugabannin kasuwar, amma rasit da hotunan tiransifa da saƙonninsa na WhatsApp duk suna hannuna, kuma zan saka su da zarar na rufe lambobin asusun da ke jiki.

Kafin wani ya ce garaje na yi, ya kamata a san cewa shago na je, mai allon suna da yaran shago, ba wani shafin intanet da ba a san mai shi ba. An kunna mini sifikun a gabana, ɗaya a kan kanta, ɗaya a bakin ƙofa, karatu yana fita daga dukkansu a lokaci guda. Na tambaye shi ƙarara ko za su yi aiki da rauta mai zango biyu, wato 2.4 GHz da 5 GHz, domin irinta ce a gidana. Ya juya kwalin, ya ɗora yatsa a kan wata sitika mai ruwan azurfa, ya ce, “Alhaji, duba da idonka, duka biyun suke kamawa. Amana ce tsakaninmu.” Da aka kira la’asar ya hana ni tura kuɗi, ya ce sai mun dawo daga masallaci, kuma sahu ɗaya muka tsaya da shi. Mutumin da ya ƙi karɓar naira 185,000, kuɗin sifikun, sai bayan salla, a kan wace hujja zan zarge shi?

Naira 15,000 da ya karɓa da sunan sabunta wani lasisi shi ne ya fi ƙona mini rai, amma wannan daga baya ya zo. Abin da ya fara faruwa shi ne sifikun suna haɗuwa su yanke, musamman ta ɗakin sama, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai manhajar wayata ta daina ganin su. Da na kira shi sai ya ce rautata ce take jefo “5G” mai ƙarfin da sifikun ba za su iya ɗauka ba, don haka sai an saka wata na’ura mai daidaita sigina, naira 65,000, da kuɗin aiki naira 20,000. Tun daga nan ƙarya ce. Fasahar 5G ta kamfanonin waya, wadda aka fara a Najeriya a 2022, ba ta da alaƙa da zangon 5 GHz na waifai ɗin gida, amma ya haɗa su ya dama, da murya irin ta wanda ya san aikinsa.

Ya zo gidan da kansa, ya sha ruwa a falona, ya jona wani ƙaramin farin akwati a soket ɗin bakin matakala, ya buɗe kwamfutarsa ya juya mini baya na ɗan lokaci, sai ga sifikun sun zauna daram. Na ga aiki ya yi, na biya naira 85,000 a take. Wa zai ƙi biya bayan ya ga abu ya gyaru a gabansa? Ban san ya canza kalmar sirrin shiga saitin rautar ba. Da kamfanin intanet ya yi wani gyara saitin ya koma yadda yake, matsalar ta dawo, sai ya ce wai lasisin na’urar ne ya ƙare, a turo naira 15,000. Na tura, ya sake zuwa ya juya mini baya da kwamfutarsa.

Ɗan yayana da ke karatun kwamfuta ne ya tona asirin. Ya zare farin akwatin daga soket gaba ɗaya, sifikun suka ci gaba da aiki kamar ba a taɓa komai ba. Ya ce, “Baffa, wannan ai tsohuwar na’urar ƙara nisan waifai ce, ko haɗa ta da rautar ba a yi ba, fitilarta kawai take ci.” Sannan ya sa farce ya ɓamɓare sitikar nan mai ruwan azurfa, wadda aka ɗora wa yatsa aka ce in duba da idona. A ƙarƙashinta an rubuta 802.11 b/g/n, 2.4 GHz kaɗai. Wato tun a shagon, tun kafin la’asar ɗin, ya san abin da ke ƙarƙashin yatsansa.

Bayanin da yaron ya yi mini gajere ne. Zangon 2.4 GHz ya fi nisa kuma ya fi ratsa bangon bulo da kankaren bene, sai dai ya fi cunkoso, domin Bluetooth da rautocin maƙwabta duk a kansa suke. Zangon 5 GHz ya fi sauri amma bango yana rage masa ƙarfi da wuri. Rautoci da yawa suna haɗe zangon biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, su riƙa tura kowace na’ura inda suka ga ya dace, kuma wannan ne yake rikita sifiku masu araha da 2.4 kaɗai suka sani, musamman wajen haɗa su da manhajar waya. Maganinsa shi ne a shiga saitin rautar, galibi ta rubuta adireshin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a burauza, a kashe haɗewar, a ba kowane zango sunansa, a ɗora sifikun a kan 2.4, a tsayar da tasha, wato layin da siginar take bi a cikin zangon, a 1 ko 6 ko 11, kuma a bar tsarin kulle waifai ɗin a WPA2 idan sifikar ba ta san sabon tsarin WPA3 ba. Abin da mutumin ya yi ke nan lokacin da ya juya mini baya. Raba suna biyu ya sayar mini a kan naira 65,000, da 20,000, da kuma 15,000.

Da yake ya canza kalmar sirrin ya hana mu shiga saitin, sai da muka danna ɗan ramin da ke bayan rautar da tsinke ta koma saitin kamfani, muka sake komai daga farko. Na aika masa hoton kwalin babu sitika. Ya karanta, alamar shuɗi ta nuna, ya amsa da cewa haka kayan suka zo masa daga Legas, daga nan ya daina ɗaukar wayata. To ita na’urar da ba a haɗa da komai ba, ita ma haka ta zo daga Legas? Lasisin da babu shi fa? Har yanzu ina jin muryarsa yana cewa amana ce tsakaninmu, kuma naira 185,000 ɗin farko ma ban yafe ba, domin ba abin da na tambaya aka sayar mini ba.

Ku ɓamɓare duk sitikar da ke kan kwali kafin ku biya, kada ku bar kowa ya taɓa saitin rautarku ba ku gani, kuma babu wani lasisi da ake sabuntawa a kan waifai ɗin gida. Duk wanda aka taɓa karɓar masa irin wannan kuɗin sabuntawa a kasuwar ya ajiye shaidar tiransifarsa, domin shugabannin sun ce in kawo kwalin da farin akwatin a zama na gaba, kuma ina da yaƙinin ba ni kaɗai ya yi wa ba.