GARGAƊI: masu mayar da mitar manyan babura baya sun yi yawa a intanet, a yi hattara

Jama'a dan Allah duk wanda yake shirin sayen babban babur na doguwar tafiya na hannu, irin su Honda Gold Wing ko BMW R1200RT ko Yamaha FJR1300, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wasu mutane da suka mayar da abin sana'a, suna sayo babur ɗin da ya sha hanya ya gaji, su wanke shi tas su goge shi yana ƙyalli, su taɓa mitar da ke ƙirga tafiyar da babur ya yi, sannan su sa hotonsa a Facebook da rubutu mai daɗi wai mai shi dattijo ne ba ya hawa sai ranar hutu, ajiye yake a gareji an lulluɓe shi. Kusan dukkansu labarin ɗaya ne kamar haɗa baki suka yi.

Ni fa ba tafiya mai yawa nake tsoro a jikin babur ba, gara ma in faɗi wannan tun yanzu kar a yi min mummunar fahimta. Waɗannan baburan dama don cin hanya aka ƙera su. Gold Wing GL1800 da ya fito a 2001 silinda shida gare shi, injin ɗin ba ya wahala a kan babban titi, kuma shi da FJR1300 da R1200RT duk ba sarƙa ke juya tayar baya ba, shaf ne, wato sandar ƙarfe mai juyawa, idan ana canja musu mai a kan lokaci wuce kilomita 100,000 ba wani abin mamaki ba ne a wurinsu. Babur ɗin da ya yi 150,000 a hannun mai kula, da rasit ɗin kowane sabis a ajiye, wallahi na fi yarda da shi a kan wanda mitarsa ke nuna 30,000 amma ba wanda ya san tarihinsa. Matsalar ita ce ƙaryar. Domin duk aikin da za ka yi wa babur da lissafin kilomita ake yinsa, FJR1300 ana duba bawul ɗinsa wajen kowace kilomita 40,000, tsohon Gold Wing GL1500 da aka yi daga 1988 zuwa 2000 bel ne ke juya kamshaf ɗinsa, wato sandar da ke buɗe bawul, kuma idan bel ɗin ya tsinke ana cikin tafiya injin na iya lalacewa, to idan an ɓoye maka ainihin abin da babur ya ci kai kana zaune kana ganin da sauran lokaci alhali lokacin ya wuce tuntuni, kuma irin wannan babur ɗin ba a bakin gida yake mutuwa ba, sai ka yi nisa da kaya da mutum a baya sannan ya tsaya maka.

Yadda suke yi ba wuya. Tsofaffin masu mitar da ke juyawa buɗewa ake yi a mayar da lambobin baya da hannu, wani lokacin ma idan ka kalla da kyau za ka ga lambobin ba su daidaita a layi ɗaya ba. Masu mitar lantarki kuma mutane suna ɗauka ba a iya taɓa su, ana iyawa, ko a sa na'ura a sauya lissafin ko kuma mafi sauƙi a cire allon mitar gaba ɗaya a sa na wani babur da ya yi hatsari tun yana sabo. Sai kuma wata dabara da ba sai sun kwance ko ƙusa ɗaya ba, babur ɗin da aka yi don kasuwar Amurka ko Ingila da mil yake lissafi, shi kuma mai sayarwa ya rubuta maka kilomita. Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, kenan in ka ga 60,000 a mita a mil ne, babur ya ci sama da kilomita 96,000. Idan ka kama shi ya ce ai kuskure ne bai lura ba.

Na raka wani abokina ganin wani R1200RT da aka tallata, mitar tana nuna abin da bai kai 30,000 ba. Muna isa na ɗora bayan hannuna kusa da kan silinda, da yake na BMW a waje suke hagu da dama, na ji zafi. An riga an tayar da shi an ɗumama kafin mu zo. Na ce wa mai sayarwar mun roƙe ka a waya ka bar shi da sanyi, ya ce yaronsa ne ya fita da shi sayo abu. To shi ke nan. Na tsuguna na duba robar wurin taka ƙafa, ta siɗe sumul har ƙarfe ya fara leƙowa ta gefe, robar hannun totur ta yi santsi zanen jikinta duk ya goge, bakin makulli ya faɗaɗa mukullin na rawa a ciki. Na shafa faifan birkin gaba da yatsa daga tsakiya zuwa baki, sai na ji tudu a gefen, wato tsakiyar ta cinye sosai. Faifan birki ba ya cinyewa haka a 30,000 sai dai in mai shi da birki yake kwana. Kuma a jikin faifan masana'anta suna rubuta mafi ƙarancin kaurin da ya kamata ya kai, duk bakanike mai abin awo zai gaya maka a minti ɗaya. Da muka tambayi littafin sabis sai ya kawo mana wani mai tsabta fes, shekaru daban daban amma biro ɗaya, rubutun hannu ɗaya, tambari ɗaya. Abokina ya ce bari mu kira garejin da ke jikin tambarin mu ji, nan take mutumin ya canja fuska ya fara cewa akwai wani mai saye yana hanya da kuɗi a hannu, in muna so mu ajiye kafin alƙalami yanzun nan in ba ma so mu ba shi wuri. Muka ba shi wuri.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wannan samfurin na kafin 2014 kulocinsa busasshe ne irin na mota, yana tsakanin injin da giya, idan ya ƙare sai an raba babur ɗin kusan gida biyu kafin a kai gare shi. Mutumin ya san da haka sarai. Wanda zai saya a hannunsa yana murna ya samu ɗanye, ba da jimawa ba zai ga babur ɗinsa a wargaje a gareji, kuɗin gyara ya ninka ragin da aka yi masa.

Ɗumama injin ba ƙaramin abu ba ne, kar wanda ya raina shi. Da sanyi ne injin da ya gaji yake tona asirin kansa, jinkirin tashi, ƙarar ƙarafa a saman injin, hayaƙi mai ruwan shuɗi daga salansa wanda ke nuna yana shan baƙin mai. Wasu har mai mai kauri suke ɗura masa don ya danne ƙarar na ɗan lokaci. Saboda haka ka dage sai an tayar a gabanka da sanyi, ka buɗe murfin baƙin mai ka leƙa, in ka ga ya yi fari fari kamar an zuba madara to ka yi zargin ruwa na shiga, musamman a masu lagireto. Ka ɗora babur a kan jakinsa na tsakiya, ka kama tayar baya sama da ƙasa ka girgiza, in tana motsi gefe da gefe akwai magana a boris ko a kan shaf. Ka sa a ɗaga gaban ka juya kan a hankali, in yana maƙalewa a tsakiya boris ɗin wuya ya tafi. Fitilar ABS kuma, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, dole ta kama idan an murɗa mukulli sannan ta mutu bayan an fara tafiya, in ba ta kama ba kwata kwata mai yiwuwa an cire ƙwanta ne ko an toshe ta don kar ka ga laifin, kuma gyaran ABS a irin waɗannan baburan ba wasa ba ne.

Lambar shasi ma a duba ta da ido, ba a hoto ba. Haruffa da lambobi 17 ne, yawanci a buge take a wuyan babur, kuma ba a sa harafin I ko O ko Q a cikinta, in ka ga ɗaya daga cikinsu ko ka ga wurin an goge an sake fenti to ka ja da baya, ƙila ma na sata ne. Ka tabbata lambar ta yi daidai da ta takardu harafi da harafi. Taya ma tana da ranar haihuwa, lambobi huɗu na ƙarshe a layin rubutun gefen tayar da ya fara da haruffan DOT, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In an ce maka an sa sababbin tayoyi kwanan nan, ga inda za ka gane. Sababbin babura kuma akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke ajiye laifukan da suka taɓa faruwa tare da kilomitar da abin ya faru, bakanike mai na'urar dubawa zai iya ganin lissafin da ya fi na mita yawa.

Akwai kuma waɗanda ko babur ɗin ma ba su da shi. Hotunan wani suke kwasowa, su sa farashi ƙasa da na kowa, su ce sun yi tafiya ko an yi musu canjin wurin aiki, babur yana hannun kamfanin jigila, ka tura rabi a kawo maka har gida in bai yi maka ba a mayar maka da kuɗinka. Ba kamfanin, ba babur. Ka ce mai tallar ya kira ka ta bidiyo yana tsaye kusa da babur ɗin ya nuna maka lambar shasi ya tayar da shi kana gani, za ka ji uzuri kala kala, netwok ba kyau, mukulli na wurin ƙaninsa, gobe in Allah ya kai mu.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu kar ya goge komai saboda jin kunya, ya ɗauki hoton tallar da hirarsu da shaidar tura kuɗin tun kafin su sauke shafin, ya sanar da bankinsa da gaggawa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, sannan ya kai rahoton tallar a dandalin da ya gan ta, domin suna sauke ta ne su sake ɗora hotunan nan da wani sunan da wata lambar waya.