Bututu Mai Hanya Biyu ko Matoshin Huhu: Abin da Na Gani a Ɗakin Tiyata a Legas

Aikina shi ne sa majinyata barci domin tiyata, kuma a tiyatar ƙirji nauyin da ke kaina shi ne in sace iskar huhun da za a yi wa aiki, ɗayan kuma ya ci gaba da numfashi shi kaɗai. Na yi shekaru ina amfani da kayan aiki iri biyu a nan Legas, wato bututu mai hanya biyu da kuma matoshin reshen huhu, har na san halin kowannensu.

Bututu mai hanya biyu, wanda ake zurawa a maƙogwaro kowace hanya tana kai iska ga huhu ɗaya, tsohon abu ne, domin likita Carlens ya fito da nasa a 1949, sannan likita Robertshaw ya kawo ingantaccen samfuri a 1962, wanda a kansa aka gina na roba da muke sayowa yau. Yawanci nakan ɗauki lamba 35 ko 37 ga mata, 39 ko 41 ga maza, kuma kusan kullum na hagu nake zaɓa, wato wanda kansa ke shiga reshen huhun hagu, saboda reshen maƙogwaro na hagu ya kai kimanin santimita 5, alhali na dama gajere ne, kuskure kaɗan sai bututun ya toshe ƙofar sashen huhu na sama.

Abin da ya sa nake fifita shi shi ne irin majinyatan da muke samu. Da yawa suna zuwa ne da mugunya a ƙirji bayan tarin fuka ko ciwon haƙarƙari da aka daɗe ana jinyarsa a gida, wasu kuma hatsarin babur ne ya tara musu jini. Na tuna wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, wanda da muka kwantar da shi a gefe sai mugunya ta fara bulbulowa. Da ba don faɗin hanyar bututun ya ba ni damar zuƙe ta nan take ba, da ta malala cikin lafiyayyen huhun, wanda a lokacin shi kaɗai ke riƙe da ransa. Huhu yana saurin sacewa da wannan bututu, kuma idan oksijin da ke cikin jini ya yi ƙasa, ina iya tura oksijin kaɗan zuwa huhun da ake yi wa aiki ba tare da na tsayar da likitan tiyata ba. Aibinsa shi ne kauri da tauri, ga wuyar shiga idan baki bai buɗuwa sosai, kuma majinyata sukan farka da ciwon maƙogwaro da dushewar murya, abin da nake gaya musu da Hausa tun kafin a shiga, domin kada hankalinsu ya tashi.

Matoshi kuwa siririn abu ne mai balan-balan a kansa, wanda ake zurawa ta cikin bututun numfashi na yau da kullum, a hura balan-balan ɗin ya toshe reshen huhun da za a yi wa aiki. Na yi aiki da samfurin Arndt mai zare a baki, da EZ-Blocker mai kai biyu kamar gwafa, kuma na biyun ya fi zama daram idan an juya majinyaci, domin yana hawa ne daidai inda maƙogwaro ya rabu. Ga yara ƙanana, da wanda aka huda wa wuya domin numfashi, da wanda za a bari a kan injin numfashi bayan tiyata, ban ga kamar matoshi ba, tunda ba sai an sauya bututu a ƙarshe ba, lokacin da maƙogwaro ya riga ya kumbura. Sai dai raminsa ƙanƙane ne, ba ya zuƙar mugunya, kuma huhu yakan ɗauki lokaci kafin ya sace.

Babbar matsalarsa a wurinmu ita ce ba ya shiga daidai sai da na'urar leƙen huhu mai kyamara. A wani asibiti da na yi aiki, na'urar guda ɗaya ce, kuma da ta lalace sai matosan suka zauna a kabad har wa'adinsu ya ƙare, ga shi da dala aka sayo su. Bututun hagu kuwa, ko da yake shi ma tabbatar da zamansa da kyamara ya fi aminci, ina iya sa shi in saurari ƙirji gefe da gefe, in sake saurarawa bayan an juya majinyaci, domin a lokacin ne ya fi gocewa. A kan teburina bututun hagu ne a gaba, amma ba na karɓar yaro ko mai ƙuntataccen baki sai na ga matoshi da kyamara mai aiki a cikin ɗakin.