Kamfanin da ya fito mini da motata daga tashar Legas ya yi mata rajista a Kaduna

Bayan shekara tara ina aiki a Amurka, na tattara iyalina na dawo gida Kaduna a ƙarshen 2023, kuma cikin abubuwan da na ƙi rabuwa da su har da motata, Toyota Highlander ƙirar 2016. 'Yan'uwa da dama sun ba ni shawarar in sayar da ita can in zo in sayi tokumbo a nan, amma duk wanda ya taɓa faɗawa hannun dillali ya sayi motar da ambaliya ta ci aka rufe ta da fenti, ya san darajar motar da mutum ya san cikinta da bayanta. Wani ƙanen mahaifina ne ya haɗa ni da wani kamfani mai ofis a cikin garin Kaduna, wanda ke da lasisin ejan na kwastam da ma'aikata a Legas, kuma suka yi mini alkawarin ɗaukar aikin gaba ɗaya, tun daga saukar motar a tashar ruwa har zuwa ɗaura mata lamba. Ba zan ambaci sunansu ba, domin akwai yabo a abin da zan faɗa, akwai kuma ƙorafi.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne, a wayarmu ta farko manajan bai yi maganar kuɗi ba sai da ya gama tambayoyinsa. Ya tambaye ni ɓangaren da sitiyarin motar yake, domin tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba, abin da ke nufin masu dawowa daga Ingila ba su da irin damar da mu na Amurka ko na Jamus muke da ita. Ya tambayi shekarar ƙira, saboda motar da ta haura shekara 12 tana cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su. Sannan ya tambaya ko takardar mallakar motar tana hannuna da sunana, babu sauran bashin banki a kanta, domin hukumar kwastam ta Amurka tana buƙatar a gabatar mata da wannan takarda aƙalla awa 72 kafin motar ta bar ƙasar. Duk na tsallake, aka loda motar a tashar Baltimo a irin jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita a kuma tuƙo ta a fito, wanda ya fi kwantena sauƙin kuɗi amma ba a yarda a cusa kaya a cikin motar ba.

Ni da bakina na kawo masa maganar shigo da motar ta Kwatano da ke Jamhuriyar Benin, saboda na tashi ina jin cewa ta can ce hanyar talaka. Amsarsa gajera ce: "Yallaɓai, tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, kuma ni ba na aikin da zai sa a ƙwace maka mota a gaban iyalinka." Haka kuma shi ne ya kashe mini wani zato da na zo da shi, cewa wanda ya daɗe a waje ya dawo gida ana yafe masa kuɗin fito. Sassaucin da ake yi na tsofaffin kayan gida ne da tufafi da makamantansu, mota kuwa sai an biya mata.

A wajen biyan kuɗin fito ne na ga abin da ya bambanta kamfanin da sauran waɗanda na tuntuɓa, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya ya lura. Tun 2022 hukumar kwastam take ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar shasi, wadda ke da haruffa da alƙaluma 17, ta yadda na'ura ce ke fitar da ƙira da shekara, ba ciniki ake yi a kan tebur ba. Kafin nan sai an shigar da motar a kundin rajistar motoci na ƙasa da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta kafa, wanda ake kira VREG. A lokacin da tawa ta iso, kuɗin fito kashi 20 ne cikin ɗari na darajar motar, da wani haraji na kashi 15 da ake ɗora wa motocin da aka yi amfani da su, da harajin VAT na kashi 7.5, da ƙarin kashi 7 da ake lissafawa a kan kuɗin fiton kansa, sai wasu ƙananan caji. Kamfanin ya turo mini takardar ƙiyasin kamar yadda ta fito, da sunana da lambar shasin motata, ya ce in je banki in biya da hannuna in riƙe rasit. Ladan aikinsu daban suka rubuta shi. Wani ejan da na yi magana da shi tun farko ya yi mini farashi mai rahusa ƙwarai, da sharaɗin in tura masa kuɗin a dunƙule in bar masa sauran, kuma sai daga baya na fahimci cewa irin wannan arahar daga rage shekarar mota ko sauya ƙirarta a takarda take fitowa. Mai irin wannan takarda yana iya shekara yana yawo lafiya, ranar da aka tsayar da shi aka duba a na'ura kuwa, shi za a tuhuma, ejan ya daɗe da kashe wayarsa. Mazaunin Kaduna ya fi kowa dalilin kiyaye wannan, tunda a nan hedikwatar rundunar sintirin kwastam ta shiyyar B take.

Ƙorafina na farko a kan ƙiyasin kuɗi ne. Da dala ake lissafa darajar mota, sannan a juya ta zuwa naira a farashin da kwastam ke amfani da shi a ranar, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 wannan farashi ya yi ta hawa. Ba laifin kamfanin ba ne cewa abin da na biya ya zarce abin da suka faɗa mini makonni shida kafin nan, amma laifinsu ne da suka ba ni adadi ɗaya tilo kamar an sassaƙa shi a dutse, alhali sun fi ni sanin halin da ake ciki. Da sun gargaɗe ni, da na tanadi rara maimakon in shiga neman rance a gaggauce. Na biyu kuma shiru. Bayan na biya, kwana huɗu ina kiran yaronsu na Legas ba ya ɗauka, ofishin Kaduna kuma ba abin da suke cewa sai "in sha Allahu gobe", kuma kowace kwana a tasha tana da kuɗin ajiya. Da na matsa, manajan ya amince cewa jinkirin daga wajensu ne, ya cire kuɗin kwana biyu daga ladansu ba tare da mun kai ga ɓacin rai ba. Na yaba da hakan, ko da yake kiran waya ɗaya da ya wadatar tun farko.

Na tambaye su ko za a iya kammala aikin a tashar tsandauri ta Kakuri da ke nan Kaduna, wadda aka ƙaddamar a watan Janairun 2018, suka ce da a kwantena motar ta zo da an duba yiwuwar haka. A kan tirelar ɗaukar motoci suka kawo ta, bisa shawararsu, maimakon a ba direba ya tuƙo ta babu lamba, kuma ta iso ba ko ƙwarzane, har tabarmin ƙafa da ƙaramar tayar baya suna nan.

Rajista a Kaduna ita ce rabin aikin da ban ga dalilin biyan kowa a kansa ba. Abin da ake nema sananne ne: takardun kwastam, da shaidar mallaka, da katin shaida, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000 daga 5,000 tun farkon 2023, sannan jami'an duba lafiyar mota su gwada ta. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, KADIRS, ita ke karɓar kuɗin rajista, lambar kuma tana fitowa ne a tsarin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, kuma tawa ta zo da haruffan DKA na Kaduna ta Arewa. Kamfanin ya caje ni lada mai nauyi a kan wannan, sannan yaron da suka aika ya rubuta alƙalami ɗaya na lambar shasi ba daidai ba a fom. Allah ya sa na karɓi fom ɗin na gwada shi da lambar da ke jikin gilashin gaba kafin a shigar, domin da kuskuren ya wuce, da takardun rajista sun saɓa wa na kwastam, kuma gyaran irin wannan ya fi yin sabo wahala. Daga ƙarshe ni na bi shi ofishin muka ƙarasa tare, wato na biya kuɗin aike kuma na yi aiken da ƙafata.

Saboda haka da wani abokina da ke shirin dawowa daga Jamus ya nemi lambarsu, na ba shi, amma na ce ya ɗauke su aikin tasha da jigila kawai, ya nemi a rubuta masa cewa ƙiyasi na iya sauyawa, ya kuma yi rajistarsa da kansa. Watanni kaɗan bayan na ɗaura lamba, jami'an kwastam suka tsayar da ni a hanyar Zariya, ɗayansu ya karɓi takardun ya leƙa lambar shasi ya koma wajen motarsu. Bai fi minti goma ba ya dawo ya miƙo mini su, ya ce, "Alhaji, Allah ya kiyaye hanya."