Gidan tsiren da aka yi wa terere a Jidda, da yadda na same shi bayan ƙura ta lafa

A kudancin Jidda akwai wani gidan tsire da masa na wani Bahaushe, wanda a watannin baya sunansa ya cika wayoyin Hausawan garin saboda wani gajeren bidiyo da aka ɗauka a bayan shagon. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin an riga an ambace shi fiye da kima, kuma duk wanda ya san yankin ya san inda nake nufi. Zan yi magana a kan abincin da yadda ake karɓar mai saye, sannan in tsaya a kan yadda gidan ya ɗauki suka, domin a wurina wannan ma yana cikin abin da ake auna mai sana'a da shi.

Tsiren shi ne jigon gidan, kuma ya cancanci layin da ake yi masa. Mai gashin yana yanka naman falle-falle, ba kauri, ya soke shi a tsinke, ya shafa masa mai, ya juya shi cikin garin ƙuli-ƙuli har ya lulluɓe, sannan ya kafa tsinkunan kewaye da garwashi maimakon ya ɗora su a kai, don zafi ya ratsa naman ba tare da ƙuli-ƙulin ya ƙone ya yi ɗaci ba. Yajin yana da citta da masoro da kanumfari daidai gwargwado, kuma ana ba da shi a gefe tare da albasa da tumatir, ta yadda wanda ba ya jure barkono ba zai cutu ba. Larabawan Hijaz sun daɗe da sanin wannan nama daga hannun Hausawa, shi ya sa bayan isha'i za ka ga su ne kusan rabin layin. Balangun bai kai tsiren ba, yakan zo da kitse da yawa, wani lokaci kuma an bar shi ya bushe a kan wuta. Masar da safe tana da laushi da ɗan tsamin da ake so, miyar taushen kuma da kabewa da gyaɗa aka yi ta, ba a cika ta da ruwa ba, amma wanda ya zo bayan la'asar ɗumame zai samu, kuma ba a gaya masa sai ya tambaya. Zoɓon ya yi sukari da yawa.

Farashin yana rubuce a allo, ana karɓar katin Mada, wato katin banki na Saudiyya, kuma ana ba da rasit mai nuna harajin kashi 15 cikin ɗari da ake biya a ƙasar tun watan Yuli na 2020. Wurin zaman iyali ƙarami ne, wurin ajiye mota kuma abin wahala ne a daren Alhamis da na Juma'a.

Kafin a fahimci irin ɓarnar da bidiyon ya yi, sai an tuna da abin da ya sami ƙananan 'yan kasuwarmu na Jidda. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 an rushe tsofaffin unguwanni irin su Gulail da Karantina da Sabil da Kandara, inda Hausawa da sauran baƙi suka zauna shekara da shekaru. Jama'a suka watse zuwa sassa daban-daban, kuma mai shagon da a da maƙwabtansa ne masu sayen kayansa ya koma dogaro da zaurukan WhatsApp da taurarin Google Maps kafin a san inda ya koma. A tsohuwar unguwa, idan aka ce naman wane ya lalace, akwai dattijon da zai taka ya duba ya dawo ya faɗi gaskiya. Yanzu maganar tana isa ga mutanen da ba su taɓa ganin mai shagon ba, kuma babu wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya warware musu.

Abin da bidiyon ya nuna shi ne baho cike da ɗanyen nama a ƙasa, kusa da ƙofar baya, ba a rufe ba, cikin zafin Jidda. Wata mata da ta zo sayen masa ce ta ɗauka ta saka a TikTok, ta ce a duba yadda ake ajiye abin da muke ci. Abin da ta nuna gaskiya ne, kuma tana da cikakken haƙƙin faɗinsa. Ina jaddada wannan ne domin akwai masu ganin cewa Bahaushe ba ya tona asirin Bahaushe a ƙasar wasu, ko da kuwa lafiyar yara ce a kan gaba. Ban yarda da wannan ba. Alƙur'ani a aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ya ce Allah ba Ya son bayyana mummunar magana sai daga wanda aka zalunta, kuma Imamu Nawawi ya lissafa gargaɗin jama'a daga cuta cikin wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba. Wanda ya biya kuɗinsa ya ga ƙazanta yana cikin waɗanda aka ba damar magana. Mun ga abin da ke faruwa idan aka toshe wannan ƙofa: a watan Satumba na 2023 an kama wata mata a Legas aka kai ta Abuja saboda ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya yi zaƙi da yawa. Al'ummar da mai saye ke tsoron faɗin abin da ya ci, masu algus ne kawai ke cin ribarta.

Abin da ya biyo bayan bidiyon kuwa ba shi da alaƙa da gargaɗi. Kafin gari ya waye an yanke hoton fuskar mai shagon an ɗora a kan bidiyon, an ce mushe yake sayarwa, wani kuma ya naɗi murya ya ce ɗansa ya kwanta asibiti, ba tare da ya faɗi rana ko abin da ya saya ba. Mutanen da ke Kano da Maraɗi, waɗanda ba su taɓa taka Jidda ba, suka shiga Google Maps suna ba shagon tauraro ɗaya. Mafi muni shi ne wanda ya rubuta cewa yaran shagon ba su da igama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Duk mazaunin Saudiyya ya san nauyin wannan magana, domin tana iya raba mutum da abincinsa da iyalinsa, kuma wanda ya rubuta ta bai kawo wata hujja ba, ba ta ma da dangantaka da bahon nama. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarce mu da mu binciki labari kafin mu cutar da wasu cikin jahilci, amma da yawa daga masu tura bidiyon sun ɗauka cewa rubuta "Allahu a'alamu" a ƙarƙashinsa ya sauke musu nauyi.

Da yawa kuma ba su san irin haɗarin da suka jefa kansu ba. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai wa riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani ta kafofin sadarwa ko ya keta sirrinsa da kyamarar waya. Hukuma da kanta tana yayata sunan mai laifi, domin Ma'aikatar Kasuwanci tana wallafa sunayen waɗanda aka samu da algus, amma sai bayan kotu ta yanke hukunci na ƙarshe, kuma a kan laifin da aka tabbatar kaɗai. Ga mai ƙorafi kuma akwai lamba 940 ta baladiyya, wato hukumar kula da birni, da lamba 1900 ta Ma'aikatar Kasuwanci. Dokar tana da faɗi, har ta sa baƙi da yawa sun gwammace su yi shiru ko da sun ga abin da ya kamata a faɗa, kuma wannan shirun ma ba alheri ba ne. Sai dai wanda ya ga bahon nan yana da hanyar da za ta kawo mai bincike cikin shagon, wanda zai buɗe firji ya duba takardun lafiyar ma'aikata, abin da taron masu zagi ba zai iya yi ba.

A nan ne mai shagon ya samu girma a idona. An ba shi shawarar ya kai ƙarar matar, kuma bisa ga yadda dokar take, da wuya matar ta fita ba tare da wahala ba. Ya ƙi. Ya amsa cewa bahon nasa ne, cewa naman an fito da shi ne don ya narke aka bar shi a inda bai kamata ba, ya biya tarar da aka ci shi, ya kuma musanta maganar mushe da ta asibiti a fili. Yanzu an rushe katangar da ke tsakanin masu saye da wurin aiki an sa gilashi, ana narkar da nama cikin firji, kuma takardun lafiyar ma'aikatan suna rataye inda kowa zai karanta. Na tambaye shi, "Alhaji, me ya hana ka bi haƙƙinka, alhali an yi maka ƙazafi?" Ya ajiye wuƙar da ke hannunsa ya ce, "Malam, ita abin da ta gani ta faɗa. Waɗanda suka ƙara gishiri ban san su ba, na bar su da Allah. In na kai ta kotu, gobe wa zai ga laifi a shagona ya gaya mini?" Ina nan tsaye wata dattijuwa ta dawo da masa ta ce ta huce, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, a zuba miki sabuwa," bai tsaya gardama ba.

Da ma masoyansa sun yi koyi da shi. Da iska ta juya, sai waɗanda suka ce suna kare shi suka nemo hoton matar, suka yayata unguwar da take, suka shiga maganar aurenta da asalinta, har ta rufe shafinta. Waɗannan mutane sun yi daidai abin da suke kuka da shi, kuma nasu ya fi muni ta wata fuska, domin shi mai shagon sana'arsa aka taɓa, ita kuwa mutuncinta da na gidansu aka taɓa, a cikin al'ummar da mace ba ta saurin wanke irin wannan tabo. Alhajin ya naɗi murya ya roƙi a bar ta, amma ya makara da kwanaki, kuma a ganina ya kamata ya yi hakan tun ranar da hotonta ya fara yawo, domin da sunansa ake zagin. Sakamakon da ake gani yanzu shi ne mata da yawa sun daina faɗin komai a kan kowane shago, mai kyau ko marar kyau.

Akwai abubuwa biyu da gidan ya ɗauko bayan rikicin waɗanda ban ji daɗinsu ba. Na farko shi ne takardar da aka manna a ƙofa da Larabci da Hausa cewa an hana ɗaukar hoto. Idan manufar ita ce a kare fuskokin ma'aikata da na iyalan da ke cin abinci, to a rubuta haka, kowa zai yarda. Amma hana mutum ɗaukar hoton farantin da ya saya, a shagon da ya sa gilashi don a ga aikinsa, ya saɓa wa gilashin, kuma yana sa mai saye ya yi zargin abin da babu. Na biyu ya fi damuna. Yaron da ke karɓar kuɗi yakan ce wa mutum, "Yaya, ka ba mu taurari biyar, akwai zoɓo kyauta," har ya miƙa hannu ya karɓi wayar ya danna da kansa. Na fahimci cewa suna ƙoƙarin cike ramin da masu tauraro ɗaya suka haƙa ne, amma yabon da aka saya da kofin zoɓo ƙarya ce kamar yadda zagin wanda bai taɓa cin naman ba ƙarya ce, kuma wanda ake yaudara a duka biyun shi ne baƙon da ya sauka Jidda yana neman inda zai ci abinci mai tsabta. Na gaya wa Alhajin wannan baki da baki, ya saurara bai ɓata rai ba, ya ce zai yi wa yaron magana.

Wanda zai je, ya je don masa kafin azahar, ko don tsire tsakanin magariba da isha'i kafin layi ya yi tsawo, ya bar balangun sai in ya ga an sauke shi yanzu. Ya leƙa ta gilashin ya duba da idonsa, kuma in ya ga abin da bai gamshe shi ba ya fara faɗa wa mai shagon, domin wannan mutum ne da ke jin magana, in ba a gyara ba ya kira baladiyya. Ni taurari huɗu na ba su, da wayata a hannuna, kuma na rubuta a ƙarƙashi cewa na rage ɗaya ne saboda ɗumamen masa da ba a sanarwa da kuma zoɓon da ake sayen yabo da shi.