Labulen zebira: gwani ne da rana, da dare sai an taimaka masa

Labulen nan mai ratsi-ratsi da ya cika tagogin sababbin gidaje da ofisoshi, wanda masu sayarwa ke kira zebira, wasu kuma su ce "dare da rana", na yi amfani da shi har ya ga hunturu da bazara da damina. Hukuncina a kansa shi ne: wajen daidaita hasken rana a falo da wuya a samu kamarsa, amma wanda ya saye shi don ya suturta ɗakin kwana da dare, shi kaɗai ba zai wadatar ba.

Yadi ɗaya ne na foliyesta aka ninka biyu, ya sauko daga bututun da ke sama, ya zagaye wani siririn ƙarfe a ƙasa, ya koma sama. A jikinsa akwai ratsi mai kauri da ratsi shara-shara kamar raga, suna bin juna. A yawancin waɗanda ke kasuwa mai kaurin yana kai santimita 7 da rabi, shara-sharan kuma santimita 5. Idan ka ja sarƙar gefe, mai ƙwayoyi kamar carbi, yadin gaba da na baya sai su goce wa juna. Raga ta hau kan raga, haske ya shigo, kana ganin waje. Ka ƙara ja kaɗan, mai kauri ya rufe raga, ɗaki ya yi inuwa. Wannan ɗan bambanci na santimita biyu da rabi shi ne dukan abin da ke rufe ka, shi ya sa in saitin ya kauce ko da ɗan yatsa ne, sai ka ga layin haske ya ratsa.

Da rana abin gwanin sha'awa ne. Waje ya fi ciki haske, don haka mai wucewa a titi ba ya ganin komai sai ratsi, kai kuwa kana kallon wanda ya tsaya a ƙofar gida. Hasken da ke shigowa mai laushi ne, ba ya dukan fuskar talabijin, kuma ba sai ka kunna ƙwai da tsakar rana ba.

Da an yi magariba aka kunna fitila, lissafin ya juye. Yanzu ciki ne mai haske, kuma in an bar raga a buɗe, na waje yana ganin ɗakin tar, kai ba ka ganinsa. Ko an rufe, yadi mara nauyi yana nuna inuwar mutum idan ya gitta tsakanin fitila da taga. Akwai kuma abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: tsakanin yadin gaba da na baya akwai 'yar tazara, saboda haka wanda ke kallo daga saman bene ko daga ƙasa sosai yana iya hango ciki ta tsakanin ratsin. Gidan da tagar ɗakin matan gida ke kallon layi ko benen maƙwabta, a haɗa shi da labule mai kauri a bayansa, ko a bar zebirar wa falo. Har nau'in da ake cewa mai hana haske ne gaba ɗaya, ratsinsa mai kauri ne kawai ke hanawa. Gefe da gefe haske na zubowa. Mai son barcin rana cikin duhu ya san da haka.

Gwajin yadi ba shi da wuya. Kunna tocilan wayarka ka manna a bayan ratsi mai kauri. In kana ganin ƙwayar fitilar sarai, yadin na ado ne. In haske ya baje ya dushe, zai yi wa falo. In bai fito ba sam, shi ne na ɗakin kwana. Ja bakin yadin da farce kuma, ka ga ko zare na warwarewa, domin wanda ba a yanke da kyau ba daga gefe yake fara tsefewa.

Awo shi ne inda aka fi yin asara, tunda an yanka an yanka. Hanya biyu ce: a saka cikin ramin taga, ko a ɗora a bango ya rufe ramin. Na cikin rami ya fi kyan gani, amma yana son zurfin da bai gaza santimita 7 zuwa 8 ba, kuma a gidajenmu ƙarfen baglari da hannun taga sukan cinye wurin. Filasta ma ba ta cika miƙewa ba, don haka a auna faɗi a sama da tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta, a rage santimita 1. Sannan yadin ya fi akwatin sama da bututun ke ciki ƙanƙanta da kusan santimita 3, saboda wurin sarƙa da maƙalai, wato dole a samu kafa a kowane gefe. Ni na fi ba da shawarar na bango: a ƙara santimita 10 hagu, 10 dama, a ɗaga shi 15 sama da ramin, a sauke 15 ƙasa. Tagar mita 1.2 da 1.2 sai ta koma 1.4 da 1.5, wato sikwaya mita 2.1. Da sikwaya mita ake yin kuɗinsa, don haka ka yi lissafinka kafin mai awo ya zo, ka kuma tambaya ko kuɗin sakawa na ciki. Taga mai faɗin da ya haura mita 2.4 a raba ta biyu, in ba haka ba bututun zai lotsa a tsakiya, yadi ya yi ciki. In an raba, a yanko su daga dami ɗaya kuma a tabbatar ratsinsu ya yi layi, don babu abin da ke ɓata ido kamar biyu a jere kowanne da nasa saitin.

Wajen sakawa, maƙali biyu sun isa har zuwa mita 1.2, daga nan a ƙara na uku a tsakiya. A huda bango a sa fisha, wato 'yar robar da ke riƙe sukuru a rami, kada a yarda da ƙusa. Babban abu shi ne akwatin ya zauna daidai, kada wani gefe ya fi wani sauka. In ya karkata, yadi zai riƙa gudu gefe ɗaya yayin naɗewa, ya goga da ƙarfe ya tsefe cikin 'yan makonni. In karkatar kaɗan ce, a sauke labulen har ƙarshe, a manna ɗan salatif a jikin bututun ta ɓangaren da ake son yadin ya koma, a gwada, a ƙara in bai isa ba.

Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarsa. Ragar tana kama ta kamar rariya, fari ya koma ruwan ƙasa kafin sanyi ya wuce. Ba a jiƙa shi a bokiti, ba a cuɗa shi, ba a yi masa guga. In ya karye ya yi layi, layin ya zauna ke nan. A rufe shi, a share da burushi mai laushi daga sama zuwa ƙasa sau ɗaya a mako, tabo kuma a danna shi da tsumma mai ɗan danshi ba tare da gogawa ba. Ruwan toka da ruwan madara sun fi fari tas jure datti. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu suna shan zafi su sako shi ɗaki, kuma a tagar yamma su ne ke fara koɗewa. Kicin kuwa kada ma a fara, hayaƙin mai da ƙura in sun haɗu a raga ba sa fita. Banɗaki ma haka, danshi na sa shi fumfuna.

Iska ma abin dubawa ce. A bazara in an ɗauke wuta aka buɗe taga, labulen a rufe yana tare iska, a buɗe kuma ƙarfen ƙasa na ta bugun bango. Sai dai a naɗe shi sama, sirrin ya tafi. Ragarsa kuma ba ta hana sauro, gefensa a buɗe yake.

Abin da ke fara mutuwa shi ne 'yar na'urar roba da sarƙar ke juyawa, musamman in yara na fizgarta ko ana ja a karkace. Ana canza ta ba tare da an taɓa yadin ba, don haka a tambayi mai sayarwa ko yana da ita a ajiye. Sarƙar kanta haɗari ce ga ƙananan yara, tana iya shaƙe wuya. A ɗaure ta a bango da maƙalinta, a tsayin da bai gaza mita 1.5 daga ƙasa ba, kuma kada a ajiye gado ko kujera a ƙarƙashinta. Akwai mai rimot da batirin da ake caji, wanda ya raba ka da sarƙa gaba ɗaya. Ya fi tsada, amma a ɗakin yara ko taga mai tsayi da hannu ba ya kaiwa, kuɗinsa bai tafi a banza ba.