GFC 500 a Cessna 172: inda yake taimako da inda hannu ya fi

Ga matuƙi shi kaɗai cikin gajimare ko hazon hunturu, otofailot ɗin Garmin GFC 500, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya cancanci kuɗinsa a ƙaramin jirgi irin Cessna 172. Yana karɓar bayanin karkatar jirgi daga agogon lantarki na G5, ya tura wa ƙananan motocin GSA 28 masu motsa sitiyari umarni, shi ya sa riƙonsa ya fi na tsohon otofailot KAP 140 natsuwa, wanda ke dogara da ma'aunin saurin juyawa. Kana sauraron hasumiya, kana sauya hanya a GPS, jirgi na nan daram a ƙafa 6,000. Idan kanka ya juye, shuɗin maɓallin LVL zai daidaita fikafikai da hanci nan take.

Amma fa ba ya taɓa totur. Nan ne mutane ke shiga uku. Ka sa VS, wato tsarin riƙe saurin hawa, a ƙafa 700 a minti, jirgi na ƙara nisa sama, ƙarfin inji na raguwa, shi kuwa sai ɗaga hanci yake yi don cika umarni har gudu ya zube. Akwai kariyar da ke sunkuyar da hancin, amma a ganina hawa da IAS, wato tsarin riƙe gudun jirgi, ya fi, ka kafa gudun not 80 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) ka huta.

Abin da ya fi damuna shi ne tirim, wato abin da ke sauke wa hannu nauyin sitiyari. Kada ka ja sitiyari alhali otofailot na aiki: zai yi ta murɗa tirim kishiyar hannunka, kana kashe otofailot nauyin duka ya faɗo maka lokaci guda. In tirim ya ɓalle da kansa, riƙe sitiyari gam, danne jan maɓallin kashe otofailot kada ka saki, gyara tirim da hannu, sannan ka zare burekar otofailot, wato makatsin wutarsa. Ka san inda burekar take tun kana ƙasa.

Idan ƙanƙara na taruwa a jikin jirgi, hannu ya fi, domin na'urar tana ɓoye nauyin da jirgi ke yi har sai abu ya ƙazanta.

Dokar Amurka na neman matuƙi mai tuƙi cikin gajimare ya yi saukar na'ura 6, wato tunkarar filin jirgi da agoguna kaɗai, cikin wata 6, kuma wadda otofailot ya yi ma tana shiga lissafi. Wannan bai isa ba. Rabinsu a yi da hannu: not 90, gangara digiri 3, kusan ƙafa 480 a minti, ido na zagaya agoguna.